Buhun Shinkafa da Idon Marmaro

Hafsa, 'yar ƙanena, ita ta ja ni na zauna rubuta wannan. Ita da ƙawayenta biyu sun fara girkin biki a nan Azare, suna tallata shi a waya, kuma Allah ya sa musu albarka. Rannan ta shigo ta tarar ina juye shinkafa a roba. Da buhun ya zama fanko sai na sa wuƙa na farke gindinsa daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Haba Gwaggo! Sabon buhu fil? Ai da kin ba ni na zuba gawayi."

Na ce mata haka nake yi. Ta yi dariya ta ce tsufa ne. Sannan ta kawo abin da ya kawo ta: suna so in haɗa su da masu zuwa marmaro yawon shan iska, tunda gwiwoyina sun fara gardama. A faɗarta ai girki girki ne, bambancin kawai a gindin bishiya ake yin wannan. To bismillah. Ku karanta ku uku, sannan mu yi magana.

Marmaron yana cikin wani kurmi a bayan Katagum, tafiyar da ba ta da nisa daga kogi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanensa ba sa son yawan baƙi. Ruwa ne ke ɓuɓɓugowa daga cikin yashi a tsakanin saiwoyin wani tsohon ɓaure, garai-garai, da sanyi ko a tsakiyar bazara. Kewaye da shi kanya ce da ɗinya da giginya, inuwarsu ta haɗe har rana sai ta yi dabara take taɓa ƙasa. Shi ya sa mutane ke zuwa su kafa tanti su kwana biyu ko uku: 'yan makaranta da malamansu, 'yan sikawut, 'yan agaji, iyalai bayan Sallah. Duk wanda ya zo kuwa sai ya ci abinci. Nan aikina yake. Sauran kwanakin shekara ina ɗakina, matar gida ce kamar kowa.

Aikina na farko wankin tukwane ne a hannun Ya Fanna. Babarbariya ce, iyayenta daga Yobe suka zo, gidansu na kallon namu. Ita ta fara kai tukunya kurmin nan tun ina sakandare. Bayan na yi aure na haifi na biyu, ta aiko aka roƙi maigidana ya bar ni in riƙa raka ta, ya amince da sharaɗin sai an haɗa ni da mata. Ranar farko na ɗauki tukunya na nufi ruwa da soso da sabulu. Ban yi taku biyar ba na ji muryarta.

"Ke 'yar boko! Ina zuwa?"

"Wanki, Ya Fanna."

"Ruwa ake kawo wa tukunya, ba a kai wa ruwa tukunya. Juyo."

Ta nuna mini rami da ta haƙa can nesa, bayan wata kanya. A nan ake wanki, a nan ake zubar da ruwan wanki, in an tashi tafiya a binne. Shekara biyu ban taɓa muciya ba. Ɗebo ruwa, wanki, tsintar itace, tankaɗe. Ba ta koyarwa da baki sosai. In kin yi daidai ta yi shiru, in kin yi kuskure ta kira ki 'yar boko.

Ruwan kansa a rabe yake, kuma rabon ya girme mu duka. Inda yake fitowa shi ne ido. Nan na sha ne kawai, da ƙwaryar da ke rataye a jikin ɓauren ake ɗiba, ba da bokiti ba. Ƙasa kaɗan wurin alwala. Gaba da shi inda ya yi faɗi, iyakarsa gwiwa, nan yara ke wasa, ba sabulu. Sai mashayar shanu. Abin da ya rage ya bi ƙaramar kwata ya shiga lambunan albasa da tumatir na mutanen ƙauye. Mai kula da wannan tsari Ardo ne, dattijon Fulanin da ke zaune a gefen kurmin, da yardar mai gari. Duk ayarin da ya zo, Ya Fanna takan tsayar da su tun ba su sauke kaya ba ta ce, "Abu uku. Ba a sare ɗanye, ba a sa sabulu, ba a danne ido." Na ji wannan magana ta fi a ƙirga. Biyun farko a fili suke. Na ukun na ɗauka ana nufin kada wani ya taka wurin da ƙafa, ban kuma taɓa tambaya ba.

Wani zuwan 'yan sikawut ne ya koya mini murhu. Ƙasarmu ba ta da dutse, kun sani. A gida kuna da risho da gas, a can sai abin da hannu ya yi. Ana haƙa dogon rami, a juya bakinsa wajen da iska ke fitowa, a samo gutsattsarin tsohon suri uku a girke tukunya a kai. Ranar na juya bakin ramin baibai. Hayaƙi ya yi ta bin tantunan, wake ya ƙi nuna har azahar ta wuce, yara sittin suna zaune da kwanoni suna kallona. Babu wanda ya zage ni. Da sun zage ni da ya fi sauƙi. Itace ma sai wanda ya faɗo da kansa. Marke da ƙirya suna riƙe wuta. Tumfafiya kada ku kusance ta. In damina ta kusa, a ajiye ƙirare a cikin tamfol tun ranar isa.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne in aka manta shi babu maƙwabciyar da za a aika wa. Tukwane uku manya, na ƙarfe masu kauri, waɗanda Ya Fanna ta saya wurin Maman Obi a kasuwar Azare tun tana da rumfa ɗaya. Muciya biyu, don ɗaya tana iya karyewa. Matsami, ludayi, rariya, durom biyu na ruwa masu murfi, igiya mai tsawo. Igiyar ta rataye kayan miya ce a reshe, saboda awakin ƙauye. Birai kuma igiya ba ta hana su, sai murfi mai nauyi. Na taɓa ganin biri ya ɗauke ƙullin daddawa, ya hau kanya ya sunsuna, ya jefo mini abina. Sukari a zagaye shi da toka, in ba haka ba kwarkwasa ta riga ku shan shayi. Gishiri a raba shi gida biyu a ajiye wuri daban-daban. Wanda gishirinsa ya taɓa kifewa a yashi ya san dalili.

Sai awo. Mutum a daji ba cikinsa na gida yake zuwa da shi ba. Ya yi iyo, ya yi tafiya, iska ta buge shi. Tiyar da za ta ishi mutum goma a gidan biki, a can bakwai ma sai an yi rabon hankali. Nama ba ya kwana ɗanye, a soya shi ranar isa, ko a sayi ɗan akuya a ƙauye a yanka ranar da za a ci. Kifi masunta ke kawowa daga kogi da hantsi, tarwaɗa da karfasa. Kindirmo matan rugar Ardo. Ban taɓa zuwa da abin da zan iya saya a wurinsu ba. Ya Fanna ta ce baƙon da ya zo da komai nasa, ba a marmarin dawowarsa.

Masu zuwa iri-iri ne. 'Yan makarantar mata sun fi kowa sauƙi, su ci su wanke kwanonsu su zo su taya ki tsince shinkafa. Matan cocin su Maman Obi sukan zo sau ɗaya a shekara, su yi waƙoƙinsu can gefe, in an kira salla su yi shiru har a idar. Yajinsu ne kawai sai na ninka. Alhazai masu zuwa da iyali su ne masu son tuwo a daji kamar a gida, da miyar kuka da man shanu, kuma a kan lokaci. Waɗanda suka fi wuyar sha'ani su ne matasa masu albashi. Ba rashin kunya gare su ba. Komai suka gani sai sun ga yadda za a gyara shi.

Irinsu ne suka zo a shekarar da nake kira mummunar shekara. Lokacin Ya Fanna ta bar zuwa, ta bar mini tukwane da sunanta. Tsakiyar bazara ce, wata biyu kafin ruwan farko. Su wajen talatin, kwana uku. Jagoransu suna kiransa Injiniya, ko da yake daga baya na ji gyaran waya yake yi. Yaro ne mai fara'a, bai wuce ni ba tare da gaisuwa ba ko sau ɗaya. Na tsayar da su na faɗi abu ukun nan kamar yadda aka saba, suka ce sun ji. Ardo ba ya nan, ya kai shanu kasuwa wajen Udubo.

Ranar farko da la'asar ina tuƙin tuwo Injiniya ya zo ya durƙusa.

"Hajiya, sannu da wuta. Buhunan nan da kika juye, a ba mu aro mana."

Akwai na shinkafa, na gari, da waɗanda na zubo albasa da kayan miya. Tuwo ya kai inda ba a sakin muciya. Na ɗauka shimfiɗa za su yi. Na ce, "Ga su can, ɗauka." Ban ɗaga kai ba.

Durom biyuna a cike suke, don haka ban je ruwa ba sai washegari da yamma. Tun safe nake jin ihu da fantsama, ina cewa a raina yaran nan suna jin daɗi. Da na isa sai na ga abin da suka yi. Sun cika buhunan da yashi, sun jera su sun tare ruwan a ƙasa da ido kaɗan. Ruwa ya taru ya kai ƙirjin mutum, ya haura saiwoyin ɓauren. Ido ya nutse a ƙarƙashi, ba a ganin ɓuɓɓugarsa. Ƙwaryar sha tana yawo a kan ruwa.

Na ce, "Injiniya, me ke nan?"

"Wurin iyo, Hajiya. Ba mu taka idon ba wallahi, tambayi kowa. Ta gefe muke shiga."

"Shanu fa? Masu lambu fa?"

"Yana tsallakewa ta sama, duba. Gobe kafin mu tafi za mu kwashe, ya koma yadda yake. Ruwa ne fa, ina za shi?"

Na tsaya na duba. Gaskiya ne yana ɗan zuba ta saman buhunan. Gaskiya ne ba wanda ya taka ido. Ga miya a kan wuta, ga su baƙina ne. Na ɗebi ruwa na koma. Wannan komawar ita ce laifina, ba bayar da buhun ba.

Rana ta uku da hantsi suka kwashe buhunan. Ruwan ya tafi gaba ɗaya da ƙarfi, ya bar taɓo. Muka tsaya muna jiran ido ya wanke kansa kamar yadda yake yi in yaro ya gurɓata shi. Shiru. Injiniya ya sa hannu ya tona. Laka ce kawai, mai sanyi. Aka yi azahar, aka yi la'asar, ko digo.

A haka Ardo ya same mu. Ya tsaya ya dogara sandarsa, ya daɗe yana kallon gindin ɓauren. Injiniya ya fara bayani, ya sa hannu a aljihu. Ardo ya ce, "Mayar, ɗana. Saniya ba ta shan takarda." Sannan ya sa sanda ya ɗago buhu ɗaya.

"Na wane ne?"

Na ce, "Nawa ne, Baffa."

"Fanna ba ta gaya miki ba a danne ido ba?"

"Ta gaya mini. Na ɗauka da ƙafa ake nufi."

"Ƙafa me za ta yi masa? Nan da nan ya share sawu. Ruwansa ne ke danne shi. In ka tara masa nauyi a ka, sai ya nemi wata ƙofa." Ya sauke buhun. "Ku kwashe kayanku. Kada a sake kafa tanti a kurmin nan."

Bai ɗaga murya ba. Matasan suka shiga motarsu suka tafi, ban kuma sake ganin ko ɗaya ba. Ba na riƙe da su a zuci. Sun tambaya, aka ba su.

Wata biyun da suka biyo baya na san abin da ya faru domin ina zuwa. Matan ƙauye suka koma ɗebo ruwa daga kogi, tafiya mai nisa a yashi mai zafi, da tulu a ka da goyo a baya. Albasar da ta kusa cira ta ƙone a lambu. Ardo ya tura shanunsa gaba tun lokaci bai yi ba. Makarantu uku da suka saba zuwa na aika musu cewa babu. Tukwanena suka zauna a zaure, kaji suna ƙwai a ciki.

Na je wurin Ya Fanna na faɗa mata komai. Tana zaune a tabarma tana jan carbi. Ba ta kira ni 'yar boko ba.

"Laifina ne rabi," in ji ta. "Na ba ki magana ban ba ki ma'anarta ba. Ni ma haka aka ba ni, amma ni na tambaya. Yanzu me kike yi a nan?"

"Na zo in gaya miki."

"Ni ke shan ruwan? Tashi ki je wurin waɗanda kika hana."

Na nemi izinin maigidana, duk Asabar ƙanena, baban Hafsa, ya kai ni. Matar Ardo da matan ƙauye suna yasar idon, na shiga cikinsu. Da ƙwarya da hannu ake yi, ba a sa fartanya. Wasu na cewa marmaro ba ya son ƙarfe. Ni abin da na gani shi ne akwai shimfiɗar yumɓu a ƙarƙashin yashin, wadda ke riƙe ruwan, kuma fartanya na iya huda ta. Ko ma mene ne, ilimin na wurin Allah, mu dai muka bi abin da aka gada. Ranar farko ba wadda ta yi mini magana bayan amsa sallama. Asabar ta uku wata ta miƙo mini fura. Mun kwashe laka har muka kai farin yashi. Yashin da danshi, amma ruwa bai fito ba. Daga nan in na je, sai in ɗauki tulu in bi su kogi, tunda babu sauran abin yasa.

Damina ta zo ta wuce. Gindin ɓauren ya cika da ruwan sama, ya kuma ƙafe. Na fara tunanin sayar da tukwanen ga masu girkin biki.

Bayan an gama girbi sai ga saƙo daga Ardo ta bakin wani mai kawo kifi kasuwa: in zo. Na je. Bai kai ni gindin ɓaure ba. Ya wuce da ni can ƙasa, bayan kanyar nan, filin da muke girki tun zamanin Ya Fanna. Daidai ramin murhuna, inda baƙin toka yake har lokacin, yashi na motsi. Ruwa ne ke fitowa, siriri, bai kai rabin na da ba, amma garai-garai. Har an rataye sabuwar ƙwarya a reshen kanyar.

Na ce, "Alhamdu lillahi." 

Ardo ya ce, "Kin ga hukuncin da marmaro ya yanke. Kin ba shi buhu, ya karɓi murhu."

Matan da ke wurin suka fashe da dariya. Shi bai yi ba, amma gemunsa ya motsa.

"To Baffa, tanti fa?"

"Ni da mai gari mun yi magana. Wanda ya zo ta hannunki ya zo. Abin da ya ɓata, ke kika ɓata. Madafa kuma can kan tudu." Ya nuna da sanda. Wurin da nisa, ga hawa.

"Na yarda."

"Ki dai tambayi gwiwoyinki."

Tun daga ranar a kan tudun nake girki. Kowane bokiti sai an hau da shi, kuma wannan hawan ne ya cinye gwiwoyin da kuke cewa tsufa ne. Ruwan bai koma ƙarfinsa na da ba. Lambunan da ke can ƙarshen kwata har yau ba a shuka su da rani, masu su kuma suna gaishe ni in mun haɗu. Ayarin da ya zo ina tsayar da su in faɗi abu uku, na ukun kuma sai na kai su bakin ruwa na nuna musu da hannu abin da ake nufi. In na ga mai yawan dabara a cikinsu, shi nake ba riƙon ƙwarya.

Don haka Hafsa, ba na hana ku. Akwai 'yan makarantar mata da za su je bayan jarrabawa, ku shirya ku uku mu tafi. Ba za ku taɓa muciya ba. Za ku hau tudu da ruwa, ku tsinci itace, ku gaida Ardo da matarsa a durƙushe, domin sunana ne a wurin ba naku ba, kuma ba ni da wani bayan shi. In na faɗi maganar da ba ku gane ba, ku tsayar da ni ku tambaya, ko da tuwo na kan wuta.

Gawayinki kuma ki nemo kwando. Buhun da ya shiga kurmin nan da shinkafa, ba ya fita daga hannuna yana iya riƙe yashi.